An warce min waya a Garwa, ƙanena ya ga inda take a taswira: a je ko kada a je?

Maman Hanifa (Garwa):
Assalamu alaikum 'yan uwa. Da wayar ƙanena nake rubutu. Jiya bayan la'asar na fito daga babbar kasuwa, na tsaya bakin titi ina jiran kilando, wato mashin na haya, sai wata mai sayen atamfa ta turo min hoton kalar da take so. Ina cikin dubawa na ji an warce wayar daga hannuna. Su biyu ne a kan mashin, na baya shi ya miƙo hannu. Kafin in buɗe baki in yi ihu sun sha kwana. Tecno ce, ko wata huɗu ba ta yi a hannuna ba, jaka 85, wato sefa dubu 85, na saye ta. Amma ba kuɗin ne ya hana ni barci ba. Duk sana'ata tana ciki: masu sayen kaya na Marwa da Ngaundere har Yawunde, da lissafin masu bashi, komai ta WhatsApp muke yi.

Da dare ƙanen nawa Bashir ya shiga asusuna na Google ta wayarsa, sai ga alamar wayar a taswira, a wata unguwa da ba mu da kowa a cikinta, wajen ƙarfe 9. Daga nan ba ta sake motsi ba. Yanzu ya tara abokansa uku wai za su je su buga ƙofa. Ni hankalina bai kwanta ba. Don Allah masu sani ku ba ni shawara.

Goggo Ladi:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Sannu 'yata, Allah ya mayar da alheri. Ba su ji miki ciwo ba dai ko?

Maman Hanifa (Garwa):
Amin Goggo. Ɗan yatsana ne kawai ya ɗan kumbura, da sauƙi.

Sani mai gyaran waya (Marwa):
Hajiya Allah ya kiyaye gaba. Kafin a yi maganar zuwa ko'ina, tambaya ɗaya: kin rufe layin?

Maman Hanifa (Garwa):
Ban rufe ba Malam Sani. Bashir ya ce in aka rufe layi data za ta yanke, ba za mu ƙara ganin wayar a taswira ba.

Sani mai gyaran waya (Marwa):
Maganar Bashir tana da ƙamshin gaskiya, amma lokacinta ya wuce. Tun ƙarfe 9 na dare wayar ba ta sake magana da Google ba, ma'ana ko an kashe ta ko an zare sim ɗin. Abin da kuke kallo yanzu sawun da ta bari ne, ba inda take ba. Shi kuwa sim ɗin, in ba ki sa masa lambar sirri ba, duk wayar da aka zura shi zai yi aiki, ko 'yar rakani-kashi ce ta jaka 7. Da shi ake karɓar lambar shiga WhatsApp, da shi ake karɓar saƙon banki, a kansa asusun kuɗinki na waya yake. Ki ɗauki katin shaidarki ki tafi ofishin kamfanin layin yanzu, a rufe wancan, a ba ki sabon sim da lambarki ta da. In kina da layi biyu a ciki, duka biyun. Ni da zan ba da shawara ma, Bashir ya ɗauke ki a mashin ya kai ki, ya fi masa zuwa buga ƙofar mutane.

Bashir:
Yaya Sani ni ne Bashir ɗin. Ban ƙi maganarka ba, za mu je a rufe. Amma fisabilillahi ina ganin wurin da idona, har layin gidan na gane. Mu zauna mu naɗe hannu? Shi ya sa yaran nan suka raina mutane, sun san ba mai bin sawunsu.

Malam Idi (Garwa):
Bashir ɗana, zan ba ka labarin abin da ya faru da ni, ba ji na yi ba. Shekara uku da suka wuce aka ɗauke wayar babban ɗana a wurin ɗaurin aure. Muka ga alama a taswira kamar yadda ka gani, muka ɗunguma mu biyar. Gidan haya ne mai ɗaki tara. Wani saurayi ya fito daga wanka da bokiti a hannu, ɗana ya ce ai ya ga wannan fuskar a wurin ɗaurin auren. Kafin ka ce kwabo makwabta sun taru, wani ya ce ɓarawo, wani ya kai masa mari, wani ya ɗauko icce. Da ƙyar na rungume yaron nan na tura shi ɗaki na tsaya a bakin ƙofa. Daga baya ta tabbata ranar ma ba ya gari, ya kai kaya Gider. Sai da na je har gaban mahaifinsa na durƙusa na nemi gafara, kuma har yau in na haɗu da dattijon nan a masallaci kaina a ƙasa yake. Wayar kuwa ba mu sake ganinta ba. Ka san garinmu, da zarar an ce ɓarawo, kai da ka fara maganar ba ka da ikon tsayar da ita. In kuwa ka dace da ainihin masu laifin, wanda ya warce waya da rana tsaka a bakin kasuwa ba ka san abin da ke ƙugunsa ba. Kada garin neman gira a rasa ido.

Zainabu (Ngaundere):
Baba Idi ya faɗi gaskiya, kuma akwai dalili a yadda abin yake aiki. Bashir ka duba da kyau, alamar tana da wani da'ira mai haske kewaye da ita. Wannan da'irar tana nufin wayar tana wani wuri a cikinta ne, ba lallai a tsakiya ba. In waya tana fili tana ganin tauraron ɗan'adam, da'irar kan tsuke. In tana cikin ɗaki ƙarƙashin kwano, sai ta koma lissafi da eriyar kamfani da Wi-Fi na kusa, da'irar ta buɗe ta haɗiye gidaje da yawa. Abin da ya kamata ka yi shi ne ka ɗauki hoton taswirar da lokacin a jiki, ka ajiye wa 'yan sanda. Sannan a wannan shafin akwai inda za ka danna a kulle wayar, ka rubuta saƙo da lambar da za a kira. Ko tana kashe, umarnin zai jira ta, ranar da ta hau intanet zai kama ta. Shi wannan tsarin da ake kira Find My Device, a 2025 Google ta sake masa suna zuwa Find Hub, kada sunan ya rikita ka.

Ɗanjuma:
Hajiya ki turo min IMEI ta akwatin sirri. Ina da mutum a Duwala, jaka 10 kawai, cikin awa 24 zai ba ki sunan wanda ke riƙe da wayar da inda yake kwana.

Sani mai gyaran waya (Marwa):
Ɗanjuma ka yi haƙuri, amma a gaban kowa zan faɗa: Hajiya kada ki tura ko dala. Shekarata 11 a kan teburin gyara, na ga mutane sun fi a ƙirga da aka ci kuɗinsu da wannan zancen. IMEI lamba ce mai alƙaluma 15 da ke jikin kowace waya, mai sim biyu tana da guda biyu. Ba na'urar nuna wuri ba ce. Wanda ke ganinta shi ne kamfanin layi, lokacin da aka sa sim a wayar ta hau eriyarsa. Su kuwa ba sa ba kowa wannan bayani sai da takardar hukuma, daga masu bincike ko mai gabatar da ƙara. Duk wanda ya ce zai yi miki a gefe, ko dai ƙarya yake yi, ko kuma ta hanyar da ke kanki za ta jefa ki cikin matsala. Haka manhajojin da ke cewa sa IMEI ka ga wayarka a taswira, talla kawai suke nuna wa mutane.

Ɗanjuma:
Ni taimako na yi niyya. An yi wa wani abokina kuma ya samu tasa.

Shugaban zaure:
Malam Ɗanjuma mun gode da niyya, amma dokar zauren nan ba a neman kuɗi ta akwatin sirri. A ci gaba da magana a fili.

Maman Hanifa (Garwa):
Jama'a kun ga abin da ake gudu ya faru. Muna kan layi a ofishin kamfani ƙanwar mahaifiyata ta kira Bashir daga Ngaundere tana tambaya ko an sallami Hanifa daga asibiti. Wane asibiti? Ashe tun jiya da dare aka rubuta mata ta WhatsApp ɗina wai Hanifa ta faɗi an kwantar da ita, a turo jaka 30 ta wata lamba domin tawa ta cika. Har "Inna" suka kira ta, kamar yadda na sa sunanta a wayar. Tsohuwar nan ta tashi jikanta cikin dare ya je ya tura. Wallahi wannan ya fi min zafi a kan wayar. Kuɗin adashinta ne. Yanzu ban san mutum nawa aka rubuta wa ba.

Goggo Ladi:
La'ilaha illallahu. Da sunan ciwon yarinya! Allah ya isa. Ni ma ɗazu na ga saƙonki kina cewa in kira ki da gaggawa, Allah ya sa ba ni da kuɗin kira.

Zainabu (Ngaundere):
Yaya, ki bar komai ki yi wannan. Da zarar an ba ki sabon sim, ki sa shi a kowace waya, ki buɗe WhatsApp da lambarki. Za su turo lamba mai alƙaluma 6 ta saƙo. Kina sa ta, an fitar da su daga asusun. In ya nemi wata lambar sirri ta biyu wadda ba ke kika sa ba, to su suka sa, sai kin jira kwana 7 kafin ki shiga, amma duk da haka su ma an riga an kore su, ba za su iya rubuta wa kowa ba. In kin shiga, ki duba wurin na'urorin da aka haɗa, ki cire duk abin da kika gani. Ki canza kalmar sirrin Google da ta Facebook. Kafin nan Bashir ya sa sanarwa a duk zaurukan dangi da na 'yan kasuwa, da murya ma ba rubutu kaɗai ba, saboda iyayenmu da ba sa karatu.

Alhaji Umaru (Kuseri):
Hajiya, wannan lambar da aka tura wa jaka 30 ita ce babbar shaidarki, ta fi alamar taswira daraja. A nan Kamaru ba a ba da layi sai da katin shaida, kuma saƙon tura kuɗi yana zuwa da suna da lokaci da lambar ciniki. Ki ce wa jikan Inna kada ya goge saƙon. Ki haɗa shi da hoton taswira da kwalin waya da rasit ki kai komisariya, wato ofishin 'yan sanda, ko wurin jandarmomi, ki shigar da ƙara a rubuce, ba takardar ɓatan kaya kaɗai ba. Ba na ce lallai za a kama su ba, sau da yawa da katin wani suke yin rajista. Amma nan ne ake da bakin zare.

Game da dawowar wayar kuwa, kada in yaudare ki. Mu nan gadar Ngeli ce kawai tsakaninmu da Injamena. Tawa da aka zare min a tashar mota, da azahar aka ɗauka, kafin isha'i na gan ta a taswira a ƙetaren kogin Logon. Da ta shiga can aka sa mata layin Chadi, ta fita daga idon kamfanonin nan gaba ɗaya. Ku ma a Garwa ga hanyar Yola, Marwa ga hanyar Mubi. Waya tana ƙetare iyaka ta fi mutum sauƙi.

Bashir:
To Alhaji in haka ne me amfanin IMEI ɗin da ake ta cewa a ajiye?

Alhaji Umaru (Kuseri):
Amfaninta shi ne ba duka ke ƙetarewa ba, wasu a cikin gari ake sayar da su. Kuma in aka kama wani da tarin wayoyi, da me za ka nuna wannan taka ce? Tecno iri ɗaya dubu nawa ne a Garwa? Kowa da ke karanta wannan ya danna *#06# yanzu, ya rubuta lambar a takarda ya sa inda yake ajiye takardun gida. Abin da ke ba ni takaici, a 2020 da aka so karɓar kuɗin kwastan na waya ta hanyar IMEI, ana cirewa daga kuɗin kira, an nuna mana cewa ana iya gane kowace waya da ta hau eriya, kafin a dakatar da shirin. To tunda ana iyawa, ni fatana a yi amfani da wannan ƙwarewar a rinƙa toshe wayar sata a duk layuka, MTN da Orange da Camtel baki ɗaya, mai waya ya kai ƙara sau ɗaya a gama.

Malam Idi (Garwa):
Ni dai a ganina mu ma da laifinmu. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Yaran nan ba cin wayar suke yi ba, sayarwa suke. Wa ke saya? Mu ne. Mutum ya ga wayar jaka 85 ana ba shi a 25, ba kwali ba caja, mai sayarwa yana waige-waige, ya ce Allah ya kashe ya ba shi. Sannan akwai masu gyara da ke wanke musu ita a kasuwa, su goge duk abin da ke ciki.

Sani mai gyaran waya (Marwa):
Baba Idi na san da mu kake, kuma ba zan kare kowa ba, akwai ɓata-gari a cikinmu. Amma ka ji yadda abin yake a teburina. Tun daga Android 5.1 akwai kariyar da ke sa ko an wanke waya ta ƙarfi, sai ta nemi asusun Google na mai ita kafin ta buɗe. To a cikin goma da ke kawo min waya a wannan hali, mafi yawansu masu ita ne na gaskiya. Dattijo ne ya sayi waya, yaron shago ya buɗe masa asusu a tsaye, ya sa kalmar sirrin da shi kansa ya manta kafin la'asar. Jika ya yi wasa da zanen makulli ya kulle. In kore shi? Dokata ita ce kwali ko rasit, in babu, ya zo da wanda na sani ya tsaya masa, kuma in rubuta lambar katinsa da IMEI a littafi. Makon jiya wani ya ajiye min Samsung, hoton da ke fuskarta na wata mata ce da jariri, na ce ya kira min matar. Ya ce bari ya sayo kati. Har yau wayar tana cikin durowata.

Hamisu mai wayoyin hannu (Garwa):
A yi mana adalci dai. Ba kowace waya marar kwali ce ta sata ba. Mutum nawa ke ajiye kwali? Talaka ba ya iya sayen sabuwa, da ta hannu yake rufa wa kansa asiri. In aka ce sai da rasit, rabin kasuwa ta mutu.

Zainabu (Ngaundere):
Malam Hamisu ba wanda ya ce a daina sayar da ta hannu. Amma mai waya na gaskiya zai iya buɗe ta a gabanka, ya cire asusunsa da hannunsa, ya yarda ka ɗauki hoton katinsa. Minti biyar ne. Wanda ya ƙi waɗannan ukun ka san abin da kake saya. Kuma kariya ce gare ka, domin dokar hukunta laifuka ta Kamaru, sashe na 324, ta tanadi hukunci ga mai riƙe kayan sata. Ranar da aka biyo sawu, a shagonka za a tsaya, shi mai mashin ya daɗe da cin kuɗinsa.

Hamisu mai wayoyin hannu (Garwa):
Cire asusu kam ina sa a yi. Hoton kati ne mutane ba sa so, suna tsoron a yi rajistar layi da shi. Amma littafin da Sani ya ce, wannan zan iya.

Hadiza (Injamena):
Ƙarin gargaɗi ga Bashir in lambarsa aka sa a saƙon kulle da ke fitowa a fuskar wayar. Ni iPhone aka ɗauke min bara. Bayan kwana huɗu saƙo ya shigo wai daga Apple, an ga wayata, in danna in ga wurin. Shafin sak irin nasu, yana neman kalmar sirrina. Allah ya taimake ni mijina ya ce in dakata. Ɓarayin ne, domin muddin wayar tana cikin asusuna ba ta da amfani gare su sai dai a sayar da ita gunduwa-gunduwa. Kada ka danna komai, kada ka karanta wa kowa lambar da ta shigo, ko ya ce daga kamfani yake ko daga komisariya. In wani ya kira ya ce ya tsinta a zo a karɓa, a haɗu a gaban hukuma.

Sani mai gyaran waya (Marwa):
Masu tambayata ta gefe yadda ake sa wa sim lambar sirri: yana cikin saitin tsaro, wurin kulle sim. Amma a kula, in ka yi kuskure sau 3 zai kulle ya nemi PUK, mai alƙaluma 8, tana jikin katin da aka ɓallo sim ɗin daga ciki. In ka yi ta cankar PUK har sau 10 sim ya mutu. Wanda bai san lambar farko ba ya tambayi kamfaninsa, kada ya yi ta gwaji. Irin abin da ya sami Hajiya kuma, wato a warce waya tana buɗe, Google ta fito da kariyarsa a 2024 ga Android 10 zuwa sama. A wayoyinmu masu Faransanci «Protection contre le vol» aka rubuta. In ta ji an fizge ta an zura da gudu sai ta kulle kanta. Ba a kunne take zuwa a yawancin wayoyi ba, sai ka kunna, kuma ƙananan masu Android Go ba su da ita.

Maman Hanifa (Garwa):
Alhamdu lillahi an ba ni layina, na shiga WhatsApp ta tsohuwar wayar maigida, ba su sa lamba ta biyu ba. Kuɗin da ke asusun wayata suna nan, an ce an yi ta gwada lambar sirri har ya toshe, an buɗe min da katina. Mutum 14 suka ce an rubuta musu, Inna ce kaɗai ta tura, sai wata mai sayen kaya a Marwa da ta biya bashin jaka 12 ta waccan lambar tana zaton ni ce. Na ce mata ta biya, ba zan sake tambayarta ba. Na Inna kuma ni zan mayar mata ko ba ta so. Tsoffin saƙonni sun dawo amma na wata biyu baya, lissafin bashin bayan nan sai dai abin da mutane suka faɗa min da kansu, kuma tun ɗazu wasu suna ta kira suna faɗa.

Mun shigar da ƙara da duk takardun da Alhaji ya lissafa. Bashir bai je unguwar ba, Baba Idi har gida ya zo ya same shi.

Zainabu (Ngaundere):
Madalla Yaya. Saura shawarar goge wayar daga nesa. Ki sani in kika goge, ba za ki sake ganinta a taswira ba, kuma abin da ke katin memori ba lallai ya gogu ba.

Maman Hanifa (Garwa):
Shi ne abin da na kasa yankewa Zainabu. Akwai hotunan mata masu sayen kaya da suka turo min suna gwada ɗinki a ɗakunansu, amana ce, ba na so su faɗa hannun kowa. Amma akwai muryar mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, da na ɗauka tana yi wa Hanifa addu'a kwana kaɗan kafin rasuwarta. Na duba a Google ban gan ta ba, a cikin wayar kaɗai take. Na kulle dai, ban goge ba. An ce mu koma komisariya ranar Litinin ƙarfe 9. Zan jira zuwa ranar in ji abin da za su ce game da lambar nan.

Goggo Ladi:
Amin ya Allah. Ki tambayi Asabe, ranar tana ɗakin, kuma na ga kamar kin tura mata muryar a lokacin zaman makoki. Bari in kira ta yanzu.